Da wane mudu ake auna ƙirƙirar ƙasa?

Malam_Habu_Samaru

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin kanta. Kowace shekara hukumar WIPO da ke Jeniba, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fitar da jadawalin da ke jera ƙasashe sama da 130 gwargwadon ƙarfinsu na ƙirƙira. Suwizalan ce ke zuwa ta ɗaya tun 2011, Najeriya ta shafe shekaru tana bayan ta ɗari, Nijar kuwa tana can kusa da ƙarshe. Duk lokacin da jadawalin ya fito sai jaridu su yi ta kuka kwana biyu, wani jami'i ya ce za a gyara, daga nan a manta sai baɗi. Abin da nake son sani shi ne, wannan jadawali ainihin abin da ke faruwa a ƙasa yake aunawa, ko kuwa mudun wasu aka ɗauko ana awon hatsinmu da shi? Sannan idan gwamnati za ta tsara manufarta ta ƙirƙira, daidai ne ta sa hawa wannan jadawali a gaba?

Hajiya_Mai_Alƙaluma

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Kafin a yanke wa mudun hukunci ya kamata a san inda aka sassaƙa shi. A 1963 ƙwararru na ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arzikin masana'antu, suka zauna a garin Frascati na Italiya suka amince da ƙa'idojin ƙidaya kuɗi da ma'aikatan da ƙasa ke zubawa a binciken kimiyya. Daga baya aka lura cewa kashe kuɗi a ɗakin gwaje-gwaje daban, fito da sabon abu kasuwa daban, sai aka yi kundi na biyu a 1992 mai ɗauke da sunan birnin Oslo, wanda ya koyar da yadda za a tambayi kamfanoni kai tsaye ko sun kawo sabon kaya ko sabuwar hanyar aiki. A 1996 ƙungiyar ta fitar da rahoton da ya yayata maganar tattalin arzikin da ya dogara da ilimi, wato wanda ƙaruwar arzikinsa ta fi zuwa daga sani da fasaha fiye da ma'adinai ko ƙarfin damtse.

Jadawalin da ka ambata ya fara ne a 2007, kuma yana tattara ma'aunai kusan 80 ya raba su gida biyu: abin da ƙasa ta zuba, kamar ilimi, hukumomi, wutar lantarki da jari, da kuma abin da ta girba, kamar takardun mallakar fasaha, maƙalun kimiyya da kayan fasaha da take fitarwa waje. Manufar ita ce a ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Saboda haka amsar rabin tambayarka ita ce e, an sassaƙa mudun ne a ƙasashen da kusan kowane kamfani ke da rajista da littafin lissafi.

Injiniya_Panteka

To, Hajiya ta gama magana. Ni shekarata ashirin da ɗoriya ina ƙera injuna a Kaduna. Injin casar masara da muke yi yanzu ba irin wanda muka gada ba ne: mun canza haƙoransa, mun rage masa shan mai, mun sa masa taya domin a ja shi zuwa gona maimakon a kwaso masara zuwa gari. Ana zuwa saye daga jihohi maƙwabta har da ƙetaren iyaka. Ba wanda ya taɓa zuwa da takarda ya tambaye mu me muka sauya. A wurin masu jadawalin babu mu kwata-kwata.

Dakta_Sa'adatu

Injiniya, ina neman afuwa, amma ina ganin ba mudun ne ya ƙi ku ba, mai awo ne bai zo rumfarku ba. Ma'anar ƙirƙira a kundin Oslo, musamman bugu na huɗu na 2018, ba ta ce sai abin da duniya ba ta taɓa gani ba. Cewa ta yi sabon kaya ko sabuwar hanyar aiki, ko wanda aka inganta har ya bambanta sosai da na da, matuƙar an kai shi ga masu amfani ko an fara aiki da shi. Injinka ya cika wannan sharaɗi ciki da bai. Wancan bugu ma ya faɗaɗa ma'anar yadda za ta shafi hukumomin gwamnati da magidanta, ba kamfanoni kaɗai ba.

Matsalarmu ita ce ba ma yin ƙidayar a kai a kai. Afirka ta Kudu tana gudanar da ƙidayar kuɗin bincike kusan kowace shekara. Mu kuwa cibiyar kula da harkokin fasaha ta ƙasa, wato NACETEM da ke Ile-Ife, ta yi irin wannan aiki a ƙarƙashin shirin ma'aunan kimiyya da NEPAD, tsarin raya ƙasashe na Tarayyar Afirka, ta ƙaddamar a 2007, amma aka shafe shekaru da dama masu nazari na ƙasashen waje suna ta ambaton alƙaluman 2007 saboda babu sabo a hannunsu. Idan ƙasa ba ta bayar da alƙaluma ba, masu jadawali ko dai su yi amfani da tsoho ko su bar gurbin babu komai. Ta yaya za mu zargi mai awo alhali mu ne muka ƙulle rumbun?

Baba_Mai_Ritaya

'Yata Dakta, maganarki gaskiya ce a takarda, amma bari in ba ki labarin yadda abin yake a ƙafa. Lokacin da nake aiki an taɓa tura mu da takardun tambayoyi zuwa masana'antu a Kano. Na shiga wata masana'antar man gyaɗa, aka ajiye ni a benci wajen awa biyu, sannan manajan ya fito yana jujjuya takardar kamar an miƙa masa sammaci. Da ya kai kan tambayar nawa suke kashewa a kan bincike, sai ya kalle ni ya ce, «Malam, ku faɗi gaskiya, daga ofishin haraji kuke?» Na rantse masa, duk da haka ya rubuta sifiri. Ina fita ta ƙofar baya na tarar da wani dattijon makanike zaune a kan tabarma, ya baje wani ƙarfe da ya sa aka zuba masa a maƙera domin ya maye gurbin na ƙasar waje da ya karye, kuma ya ce wannan ne gwaji na uku, na farko da na biyu duk sun tsage saboda zafi. Wata shida yana wannan aiki, kamfanin yana biyansa albashi, amma a takardata sifiri aka rubuta, kuma sifirin nan shi na kai ofis.

Ɗan_Maraɗi

Gaisuwa gare ku daga Nijar. Tun da Malam Habu ya ambaci matsayinmu a ƙasan jadawali, bari in kawo misalin da kullum nake tunawa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da muke kira sassabin zamani. Maimakon manomi ya sare duk wani toho da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, ya riƙa kula da su har su zama itace. Gawo da sauran itatuwa suka dawo gonaki, ƙasa ta farfaɗo, mata suka samu itacen girki kusa da gida. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Abin mamaki, girman wannan sauyi bai bayyana ga duniya ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da aka kwatanta hotunan sama na da da na tauraron ɗan'adam. Shekara ashirin ana yin abin a gaban idon kowa, babu ma'aunin da ya kama shi, domin ba shi da takardar mallaka, ba shi da kamfani, kuma ba a kashe masa kuɗin ɗakin gwaji ba.

Dangane da takardun mallaka kuwa, mu a Nijar muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma takarda ɗaya tana aiki a dukan ƙasashen da ke cikinta. Tsari ne mai kyau, sai dai manomin da ke Tasawa bai san da zamansa ba, kuma ko ya sani ba abin da zai yi masa.

Barista_Nafi'u

Tun da an taɓo takardun mallakar fasaha, akwai abin da ya kamata a sani game da namu. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda nauyin tantance ko abin da aka kawo sabo ne da gaske ba. Ana duba cikar takardu ne, a bayar da shaidar, idan wani yana da ja sai ya tafi kotu. Wannan yana nufin yawan takardun da aka bayar a nan ba ya nuna yawan sababbin dabaru, kuma kwatanta shi da na ƙasar da ke tantancewa da tsanani kamar haɗa mudu ne da tiya.

Ko a manyan ƙasashe ma alƙaluman suna yaudara. Sin ta zarce kowa a yawan neman takardun mallaka tun 2011, amma wani ɓangare na wannan yawa ya samo asali ne daga tallafin da hukumomin larduna ke bai wa duk wanda ya shigar da buƙata, har mutane suka riƙa tsaga dabara ɗaya gida uku. A 2021 gwamnatin ƙasar da kanta ta ba da umarnin a dakatar da irin wannan tallafi. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Charles Goodhart, ya yi wannan gargaɗi tun 1975: da zarar hukuma ta mayar da ma'auni abin da ake neman cimmawa, ma'aunin ya daina faɗin gaskiya. Wannan ita ce amsata ga rabin tambayar Malam Habu na biyu.

Malamin_Jami'a_77

Barista, ai ba sai an je Sin ba. A jami'o'inmu ƙarin girma ya dogara ne da yawan maƙalun da malami ya buga. Sakamakon haka na ga abokin aiki ya raba bincike ɗaya zuwa maƙala huɗu, na ga ana rubuta sunayen juna a kan aikin da mutum ko karanta shi bai yi ba, na kuma ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da kowa ya duba ta ba. Ni kaina na shafe shekara biyu ina aiki da wata ƙungiyar mata masu sarrafa tumatir har muka daidaita musu hanyar busarwa da ta rage asara, amma da aka zo tantance ni aikin bai samu maki ko ɗaya ba, saboda babu gurbinsa a fom.

Sani_Mai_Tsimi

Ina jin tsoron kada mu wuce gona da iri. Labaran nan duk masu daɗin ji ne, amma kada su zama mana matashin da za mu kwanta a kai mu ce ai muna ƙirƙira, masu awo ne ba su gani ba. Gyaran inji a Panteka da sassabin zamani abin yabo ne, sai dai ba su ne za su samar mana da allurar rigakafi ko na'urar rarraba lantarki ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara domin bincike tun a shirin Legas na 1980, suka sake jaddada shi a Kartum a 2006, kuma har yau alƙaluman Najeriya da ake da su ba su kai rabin wannan ba. Koriya ta Kudu, wadda talauci ya yi wa katutu bayan yaƙi, ta kafa cibiyar KIST a 1966 domin ta yi wa masana'antu bincike, yau tana kashe kusan kashi 5 cikin ɗari. A wannan fanni mudun bai yi mana ƙarya ba.

Hajiya_Mai_Alƙaluma

Malam Sani, na yarda da kai cewa kuɗin da muke kashewa bai taka kara ya karya ba, amma ka bar wani abu a labarin Koriya. Kimanin kashi uku cikin huɗu na wannan kuɗi daga aljihun kamfanoni yake fitowa, irin su Samsung da Hyundai, waɗanda dole ce ta sa su bincike domin suna gogayya a kasuwar duniya. Gwamnati ba za ta iya cike wannan gurbi da kasafinta ba. Tarayyar Turai ta gwada saka lamba a gaba: a Lisbon a 2000 ta ce za ta zama kan gaba a tattalin arzikin ilimi kafin 2010, a Basalona a 2002 ta sa wa kanta kashi 3 cikin ɗari, kuma har yanzu tana 'yan sama da kashi 2. Finlan kuma, wadda ta riga kowa shigar da tunanin tsarin ƙirƙira na ƙasa cikin manufofinta a farkon shekarun 1990, ta haura kashi 3 da rabi a wajen 2009, ana ta yabonta, alhali babban kaso na kuɗin na kamfani ɗaya ne. Da Nokia ta durƙushe har ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014, alƙaluman suka sauko ƙasa da kashi 3. Lamba ɗaya tana iya ɓoye cewa ƙasa gaba ɗaya a kan ƙafa ɗaya take tsaye.

Zainab_Manhaja

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kawo ɓangarenmu na masu harkar manhaja. A watan Oktoba na 2022 aka sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi rajista ta musamman da sassaucin haraji ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba. Doka ce mai amfani. Amma ma'aunin da kowa ke ambato a fanninmu shi ne dala nawa masu zuba jari na waje suka kawo, kuma kusan duk wannan kuɗi a Legas yake tsayawa, galibi a kamfanonin hada-hadar kuɗi. Idan da wannan za a auna, Kano da Sakkwato ba su yi komai ba. Ni kuwa a ganina sauyin da ya fi shiga rayuwar mutane shi ne mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwar ƙauye, domin shi ne ya kai fasahar inda banki bai taɓa zuwa ba.

Maganar Baba kuma ta tuna mini da 2014, lokacin da aka sauya shekarar da ake gina lissafin arzikin Najeriya a kanta daga 1990 zuwa 2010. Dare ɗaya lissafin ya kusa ninkawa, ya kai wajen dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Ba a ƙara ko buhu ɗaya na masara ba, kawai dai tsohon lissafin an gina shi ne a zamanin da babu wayar salula, kuma bai ba harkar finafinai matsayinta ba.

Malam_Habu_Samaru

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Sai dai ina ganin mun rabu gida biyu, kuma tambayata tana nan a tsakiya. Dakta Sa'adatu da Malam Sani suna cewa mudun lafiyarsa ƙalau, mu ne ba ma awo kuma ba ma zuba jari. Injiniya da ɗan'uwanmu na Maraɗi suna cewa abin da muka fi iyawa ba ya shiga mudun. To minista da ke zaune a Abuja ko Yamai, wanda kuɗin hannunsa ba su da yawa, me zai ƙidaya domin ya san manufarsa tana aiki?

Dakta_Sa'adatu

Malam, ni da za a tambaye ni, sai in ce ya ƙidaya yaɗuwa kafin ya ƙidaya ƙirƙira. Ga misali a ƙofar gidanka: a Disambar 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda masu binciken suka ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. A rahoton ma'aikata wannan nasara ce guda ɗaya, an rubuta an wuce. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce manoma nawa suka same shi, a nawa suka saya, na gaske ne ko jabu, kuma nawa ya rage musu a kuɗin magani. Haka tukunya cikin tukunya ta marigayi Mohammed Bah Abba, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle domin kayan miya su daɗe: ta samu kyautar Rolex a 2000, duniya ta yaba, amma wa ke bibiyar gidaje nawa ke amfani da ita yau? Irin waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar sabuwar hukuma. Hukumar ƙididdiga tana zagaya gidaje da gonaki dama, sai a ƙara mata tambayoyi biyar ko shida.

Sani_Mai_Tsimi

Na yarda a ƙidaya yaɗuwa, Dakta, amma da sharaɗin kada a daina ƙidaya ɗayan. Irin waken da kika ambata shekaru aka yi ana aikinsa a ɗakin gwaji da gonar gwaji, da kuɗin da galibinsu daga waje suka zo. Idan ba mu san nawa muke kashewa a kan irin wannan aiki ba, ba za mu san ranar da rijiyar za ta ƙafe ba. Kuma masu zuba jari na waje jadawalin Jeniba suke dubawa, ko muna so ko ba ma so.

Injiniya_Panteka

Duk na ji, kuma shawarar Dakta ta kwanta mini. Amma ina so a koma kan labarin Baba, domin ni ma da mai takarda zai shigo rumfata gobe ya ce in faɗa masa injuna nawa na sayar bara da abin da na sauya a cikinsu, sai na yi tunani sau biyu kafin in buɗe baki. Na farko, ban san ko takardar za ta ƙare a teburin mai karɓar haraji ba. Na biyu, haƙoran injin nan da na ce mun canza, shekara uku muka yi muna ɓata ƙarfe kafin su daidaita, kuma maƙwabcina yana jiran ya ga zanen ne kawai. Hajiya, ke da kika san harkar alƙaluma, akwai dokar da ta hana ma'aikacin ƙididdiga miƙa amsata ga wani ofishi, kuma idan ya miƙa, wa zan kai wa ƙara?